Yadda Ayarin Mahaya Shida Ya Rabu a Mararraba: Nazarin Wata Tafiyar Babur a Daji

Abin da ya fi yaudarar masu tafiyar babur a hanyoyin da babu kwalta, hatta waɗanda suka daɗe a harkar, shi ne yawan mutane. Mahayin da zai shiga daji shi kaɗai yakan auna komai sau biyu, domin ya san idan fetur ya ƙare ko ƙafa ta karye babu mai waiwayarsa. Amma da zarar an ce mutum shida ne za su tafi tare, sai kowa ya saki jiki, yana ganin abin da bai duba ba ai wani ya duba. Lamarin da za a bi diddiginsa a nan ya faru ne ga wani ayari irin wannan, a rana ta biyu ta tafiyar kwana uku. Ba a rasa rai ba, ba a rasa babur ba, kuma hakan ne ma ya sa ya dace da nazari, saboda waɗanda abin ya shafa sun yi bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, na'urorinsu kuma sun ajiye layin da aka bi da lokacin da aka bi shi, don haka ana iya jera abubuwan da suka faru ba tare da dogaro da abin da gajiyayyen mutum ya iya tunawa kaɗai ba.

Mahayan da baburansu

Baburan da ake irin wannan tafiya da su rassa biyu ne, ko da yake mai hange daga nesa zai ga duk dogaye ne masu tayoyi masu manyan haƙora. Reshe na farko shi ne marasa nauyi masu silinda ɗaya, waɗanda asalinsu baburan daji ne da aka sanya wa fitila da lamba domin doka ta bar su su hau titi, kuma su ne jikokin Yamaha DT-1 na 1968 da XT500 na tsakiyar shekarun 1970. Reshe na biyu manya ne da aka ƙera domin doguwar tafiya da kaya, waɗanda ake ɗaukar BMW R 80 G/S na 1980 a matsayin mafarinsu. Tazarar da ke tsakanin rassan biyu a yau ba ƙarama ba ce. Honda CRF300L nauyinsa kilo 142 ne, tankinsa lita 7.8, shi kuwa BMW R 1250 GS Adventure kilo 268 ne tun kafin a rataya masa akwati ko ɗaya, tankinsa lita 30. A tsakiyarsu akwai irin su Yamaha Ténéré 700, wanda ya ɗan haura kilo 200 kuma yake ɗaukar lita 16, da Suzuki DR650 mai lita 13.

Ayarin da ake magana a kansa ya haɗa duk waɗannan. Madugun da ya tsara tafiyar, da mahayi na biyu, da mai rufe baya, wato mahayin da yake zuwa a ƙarshen ayari, duk suna kan matsakaitan babura masu lita 16. Mahayi na uku yana kan mai lita 13, sannan akwai mutum ɗaya a kan ƙaramin babur mai lita 7.8, da wani a kan babba mai lita 30 wanda aka cika wa akwatuna uku.

Abin lura tun daga nan shi ne raunin ayarin bai taru a kan mutum ɗaya ba. Mai ƙaramin babur shi ne gwaninsu a yashi, don haka babu wanda ya yi tunanin damuwa da shi, alhali shi ne zai fara rasa fetur. Mai babban babur ya shekara da shekaru yana dogayen tafiye-tafiye a kwalta, yana da mafi kyawun kaya da mafi girman tanki, amma bai taɓa shafe wuni guda a yashi mai zurfi ba, kuma bai faɗa ba, domin babu wanda ya tambaye shi. Da an zauna an yi tambayoyi biyu kacal, wato wane ne zai fara tsayawa saboda mai, kuma wane ne zai fara tsayawa saboda gajiya, da an gane cewa dole a yanka wa shirin tsawonsa daidai da tankin na farko, a yanka masa gudunsa daidai da ƙarfin na biyu.

Shirin da aka yi

Madugu ya samo layin hanyar ne daga intanet, a irin fayil ɗin nan na GPX da mahaya suke musayarsa. Wannan al'ada ce da ta kafu, kuma manyan hanyoyi irin su Trans Euro Trail a Turai da Backcountry Discovery Routes a Amurka duk ta haka ake rarraba su kyauta. Sai dai masu kula da waɗannan hanyoyi suna sabunta layinsu kuma suna sanar da wuraren da suka lalace, shi kuwa fayil ɗin da madugu ya samu wasu mutane biyu ne suka ajiye shi bayan sun bi hanyar a kan ƙananan babura, ba kaya, a lokacin da rafuka suka ƙafe. Layin irin wannan jerin ɗigo ne kawai na wuraren da wani ya taɓa takawa. Bai san an yi ruwa ba, bai san gada ta karye ba, kuma ba zai sake lissafi ba idan an sauya shawara a hanya.

Zangon rana ta biyu kilomita 210 ne tsakanin gidan mai da gidan mai. Madugu ya tambayi kowa ko baburinsa zai kai, kowa ya ce zai kai. Mai ƙaramin babur bai yi ƙarya ba, domin kamfanin da ya ƙera irin baburinsa yana ba da alƙaluman da suka haura kilomita 30 a lita ɗaya, wanda ke nufin kusan kilomita 250 a tanki guda, kuma shi kansa ya sha ganin hakan a titi. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne yashi. A yashi inji yana aiki a ƙaramar giya, totur a buɗe, tayar baya tana juyawa fiye da yadda babur yake gaba, kuma shan mai yana iya ƙaruwa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. A wannan rana baburinsa ya ci kimanin kilomita 24 a lita, wato kilomita 187 ke nan tankin ya ƙafe. Ma'ana, ko da ba a sauya hanya ba, ko da bai ɓata ba, da ya tsaya saura kilomita fiye da 20 a isa. An riga an gama da batun feturinsa tun a teburin shiri, ɓatan da ya yi wurin tsayawarsa kawai ya sauya.

Lokaci ma haka aka yi masa. An ƙiyasta kilomita 45 a sa'a, wato ƙasa da sa'a biyar, aka kuma kama masauki a garin da za a sauka tare da biyan kuɗin tun kafin a tashi. Mutum ɗaya a kan ƙaramin babur zai iya wannan gudu. Ayari ba ya iyawa, domin duk tsayawar mutum ɗaya tsayawar kowa ce, kuma idan mahaya shida suka tsaya shan ruwa, kafin a cire safar hannu da hular kwano a mayar, minti goma sha biyar sun wuce. Masaukin da aka biya ya zama wata igiya da take jan madugu gaba duk wunin, ko da yake shi bai ji haka ba a lokacin.

Sauran kayan an rarraba su ne yadda ya zo. Layin hanyar yana cikin na'urar madugu da wayar mai ƙaramin babur kawai. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam guda ɗaya ce, tana aljihun madugu. Kayan faci da famfo suna wurin mai rufe baya. Da safe ba a tsaya an yi bitar hanya ba, ba a ce ga inda za a riƙa haɗuwa ba, ba a kuma faɗi abin da mutum zai yi idan ya tsinci kansa shi kaɗai ba. An dai ce a riƙa duba na baya, kowa ya gyaɗa kai.

Yadda wunin ya gudana

An shirya tashi da ƙarfe 7, ba a tashi ba sai 9:30. Kilomita 60 na farko burji ne mai kyau, aka tafi lafiya. Daga nan yashi ya fara, aka tsaya aka rage iskar tayoyi domin su ƙara faɗi su hau kan yashin maimakon su nutse. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka, musamman ga babur mai nauyi ko a wurin da duwatsu suke ɓoye a ƙarƙashin yashi. Ba a yi nisa ba mai rufe baya ya daki wani dutse, tayar gaba mai inci 21 ta matse tiyub a jikin rim ta huda shi wuri biyu, gyaran ya ci minti arba'in.

Babbar matsalar dai babban babur ce. Yashi yana son a miƙe tsaye a kan matakan ƙafa na babur, a mayar da nauyi baya, a saki hannu a bar kan babur ya yi rawarsa, a kuma riƙe totur ba tare da tsoro ba. Wanda ya saba da kwalta jikinsa yakan yi akasin haka, ya zauna, ya damƙe kan babur, ya saki totur da zarar gaba ta fara lilo, nan take nauyi ya koma kan tayar gaba ta tsunduma. Haka mutumin ya riƙa faɗuwa, ba da gudu ba, amma kowace faɗuwa tana nufin ɗaga abin da ya haura kilo 300 da kayansa, cikin rana, cikin rigar kariya mai kauri. Bayan faɗuwa ta huɗu hannuwansa sun fara rawa, ya daina magana, ya kuma shanye fiye da rabin ruwansa. Duk lokacin da aka tambaye shi sai ya ce lafiya ƙalau. Ina ganin wannan amsa tana cikin abubuwa mafi haɗari a tafiyar ayari, domin wanda ya san shi ne yake jinkirta mutane kunya takan hana shi neman hutu, gajiyar da yake ɓoyewa kuma ita ce take haifar da faɗuwa ta gaba.

Ƙura ta ƙara raba su. A busasshiyar hanya babu mai son bin wani kusa, don haka kowa yakan ja baya har ƙurar ta lafa, kuma ayarin mutum shida yana iya miƙewa kilomita uku ba tare da wani ya yi laifi ba. A hankali aka kasu gida biyu, uku a gaba, uku a baya, mai ƙaramin babur yana baya domin taimakawa wajen ɗaga babban. A wata faɗuwa da ta ɗauki lokaci, mai rufe baya ya ce masa ya yi gaba ya cim ma madugu ya gaya masa a jira. Daga wannan lokaci mutumin ya zama shi kaɗai a tsakanin rukuni biyu, na baya suna ɗaukar yana gaba, na gaba suna ɗaukar yana baya.

Da misalin ƙarfe 2:30 madugu ya isa wata mararraba a kilomita na 120. Nan ya haɗu da wani direban motar kaya da ya shaida masa cewa mashigin rafin da ke gaba ya cika, ba ya ƙetaruwa. Madugu ya duba taswira ya ga hanyar hagu tana zagayawa ta wata gada, da ƙarin kilomita 35. Shawarar bin hagu daidai ce. Abin da ya biyo bayanta ne ya lalata al'amarin: ya bar mahayi na uku a mararrabar ya nuna wa na baya hanya, shi da na biyu suka wuce domin a rage lokaci.

Mahayi na uku ya jira minti takwas. Da ya hango ƙura da hasken fitila daga nesa, sai ya ɗaga hannu ya nuna hagu, ya tayar da baburinsa ya tafi, yana da yaƙinin an gan shi. Ba a gan shi ba. Mai ƙaramin babur yana tsaye a kan matakai, idonsa yana kan ramukan yashin da ke gabansa, hanyar hagu kuma tana gangarawa bayan wasu bishiyoyi. Da ya iso mararrabar ya kalli wayar da ke maƙale a kan baburinsa, layin ya ce a miƙe, ya miƙe. Bayan minti ashirin da biyar na baya biyu suka iso. Mai rufe baya ba shi da layin, don haka ya sauka ya karanta ƙasa, ya ga sawun tayoyi uku sun yi hagu, ɗaya ya miƙe. Ya ɗauka madugu ne ya leƙa hanyar ya dawo, bai bincika ko akwai sawun dawowa ba, suka bi hagu.

Mai ƙaramin babur ya yi kilomita 20 ya tarar da rafi yana gudu, babu sawun kowa a bakinsa. A nan ya yi abin da ya fi komai muhimmanci a wannan rana, wato ya ƙi shiga ruwan. Ƙetare ruwa mai gudu kai kaɗai, ba ka taka da ƙafa ka auna zurfinsa ba, ba kuma wanda ya san inda kake, yana cikin hanyoyin da mahaya suke halaka. Ya jira rabin sa'a, ya juya, ya dawo mararrabar da misalin 4:15 ya ga sawun da suka yi hagu. Fitilar gargaɗin mai ta riga ta kunna. Da akwai ƙa'idar da aka yi da shi, nan ya kamata ya tsaya, tunda nan ne wurin da duk mai nemansa zai fara dubawa. Amma shi a tunaninsa an wuce an bar shi, don haka ya bi sawun. Bayan kilomita 22 hanyar ta sake rabuwa a wani wuri mai tsakuwa da ba ya riƙe sawu, ya zaɓi reshen da ya fi faɗi, ya yi kilomita 5 injin ya mutu.

Neman

Na gaba sun tsaya a inuwa, kilomita 45 daga mararrabar, tun 3:45. Na baya biyu sun iso da 4:35, kuma sai a lokacin aka ƙirga aka ga biyar. Kusan sa'a biyu ke nan mutumin ya ɓata ba wanda ya sani.

An yi gardama mai zafi, aka kuma yi tunanin danna maɓallin neman agaji na na'urar tauraron ɗan adam. Madugu ya ƙi, saboda babu shaidar an ji rauni, kuma akwai sauran rana. Na'urar da ke aljihunsa irin Garmin inReach ce, mai aiki da taurarin ɗan adam na kamfanin Iridium guda 66, tana aika saƙo da wurin da mutum yake daga kusan ko'ina a doron ƙasa. Amma wurin da take iya faɗa shi ne wurin mai riƙe da ita, kuma mai riƙe da ita ba shi ne ya ɓata ba. Wayar wanda ya ɓata tana nuna masa daidai inda yake, domin GPS ba ya buƙatar sabis, sai dai ba ta da hanyar gaya wa kowa. Neman mutum ɗaya a kan babur a faɗin daji ba ƙaramin aiki ba ne ko ga masu jirgin sama. Thierry Sabine, wanda ya kafa gasar tseren motoci da babura ta Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, ya ɓata ne a Sahara a kan baburinsa a gasar Abidjan zuwa Nice ta 1977, kuma sai da ya kwana a can kafin a gano shi daga sama, duk da cewa gasa ce mai masu shiri da masu sa ido.

Aka yanke cewa madugu da mahayi na biyu su koma da fetur. Nan wata matsala ta ɓullo, domin baburan zamani masu feshin mai da famfon lantarki ba su da makunnin da ake buɗewa a ƙasan tanki a tsiyayi mai kamar masu kafireto, kuma babu wanda ya zo da tiyo. Sai da aka zare tiyon jakar ruwan baya ta mutum ɗaya, aka zura shi a tankin babban babur, aka zuƙo da baki, fetur yana gangarowa siriri cikin gorunan ruwa biyu da aka juye ruwansu a wata jaka. Aikin ya ci minti ashirin da biyar, ya kuma rage musu mazubin ruwan sha.

Sun tashi da ƙarfe 5, suka wuce ta reshen hanyar nan da misalin 5:30 ba su ga komai ba, domin a lokacin mutumin yana can cikin reshen yana takowa da ƙafa. Suka kai mararraba, suka bi sawunsa har bakin rafi, inda duhu ya same su suna haska ruwa da fitilun babura, cikin fargabar ya shiga. Da suka ga sawun juyawa sai suka dawo. Da misalin 7:50 fitilar madugu ta haska hular kwano a ajiye a tsakiyar hanya, daidai inda reshen ya rabu, mai ita yana zaune a gefe. Ya tako kilomita 5 cikin takalman hawa masu tauri, ya bar baburinsa, ya dawo wurin da ya tabbata dole a bi. Barin babur yawanci ba shawara ce mai kyau ba, domin babur ya fi mutum saurin ganuwa, amma a nan baburin yana kan hanyar da babu mai dalilin bi, don haka lissafinsa ya yi daidai.

Ba su haɗu su shida ba sai wajen 9:30 na dare. Saura kilomita 80, masu neman sun ƙona kusan duk feturinsu a zagayen fiye da kilomita 130 da suka yi, mai babban babur kuma ba ya iya riƙe kan baburinsa. Suka kwana a wurin ba tare da kayan kwana na kirki ba, tunda an dogara da masauki, ruwan da ya rage kuma aka raba shi da awo. Da safe tankin nan mai lita 30 ne ya shayar da babura uku har aka isa gari.

Inda laifin yake

Da aka zauna daga baya, yawancinsu mahayi na uku suka nuna da yatsa, shi ma ya karɓa. Gaskiya ne tashinsa daga mararrabar shi ne abin da ya raba ayarin, amma a ganina tsayawa a nan zalunci ne gare shi, kuma yana hana ganin sauran. An ce masa ya nuna hanya, ba a ce masa har yaushe ba. Mahaya sun daɗe da warware wannan ta hanyoyi biyu. A ta farko, kowane mahayi shi ne yake da alhakin wanda ke bayansa, ba ya barin mararraba sai ya ga na bayan ya iso, ya rage gudu, ya nuna ya gane. A ta biyu, wadda ta fi dacewa da babban ayari, madugu yana ajiye wanda ke biye da shi a kowace kwana, shi kuma ba ya motsawa ko da zai yi sa'a guda sai mai rufe baya ya iso da kansa ya sallame shi. Da ta biyun ake bi, da mahayi na uku yana nan tsaye lokacin da mai ƙaramin babur ya iso. Duka hanyoyin suna aiki ne idan an faɗe su da baki kafin a tashi, kowa ya maimaita, domin abin da ake nufi da duba na baya ya bambanta daga kan mutum zuwa kan wani.

Kuskuren da nake ganin ya fi nauyi na madugu ne, kuma ba a wannan mararraba kaɗai ba. Sauya hanya ba irin sauran kwanoni ba ne, domin yana mayar da layin da ke cikin wayoyin mutane ya zama mai ɓatarwa. Duk lokacin da za a bar layin da aka amince da shi, wajibi ne ayari ya taru gaba ɗaya, a ƙirga, a faɗi sabuwar hanya, a sake lissafin mai. Da ya jira minti talatin da biyar a wurin, da an gane cewa kilomita 245 sun fi ƙarfin ƙaramin tanki nesa ba kusa ba, kuma suna gab da iyakar mai lita 13, da kuma an ga halin da mai babban babur yake ciki. Abin da ya hana shi jira agogo ne, agogon kuma ya matse shi ne saboda an ƙiyasta gudun da ayarin ba zai iya ba, an tashi a makare, an kuma ɗaure kai da masauki. Shi kansa ya ce bai taɓa sanya wa ransa wani lokaci da idan ya yi ba a kai wuri kaza ba za a haƙura a yanke hanya ba.

Mai rufe baya yana da nasa kason. Aikinsa shi ne kada kowa ya kasance a bayansa ko a gefe ba da saninsa ba, kuma shi kaɗai ne ya ga shaidar rabuwar da idonsa, sawu ɗaya da ya miƙe bai dawo ba. Tura mutum shi kaɗai da saƙo tsakanin rukuni biyu ma shawararsa ce, kuma ita ce ta sa kowane ɓangare ya samu dalilin da zai kwantar da hankalinsa.

Akwai kuma batun rabon kaya, wanda ba a cika lura da shi ba. Ayarin yana da duk abin da ake buƙata idan an haɗa jimilla, amma jimillar tana da amfani ne muddin ana tare. Da aka rabu, mai layin hanya ba shi da na'urar kira, mai na'urar kira ba shi da kayan faci, mai fetur ba shi da ƙarfin tuƙi. Kayan da suka shafi rai, wato ruwa, layin hanya da taswirar da ke aiki ba sabis, da abin da mutum zai iya sanar da wurinsa da shi, ba a raba su tsakanin mutane, kowa nasa yake riƙewa. Ba kowa ne zai iya mallakar na'urar tauraron ɗan adam ba, amma aƙalla ta biyu a hannun mai rufe baya da ƙananan rediyon hannu ga sauran za su rage duhun, ko da yake irin waɗannan rediyo ba sa wuce 'yan kilomita, tudu ɗaya kuma yana iya datse su.

Abin da suka sauya

An soke zangon rana ta uku, aka koma ta kwalta. A tafiyar da ta biyo baya sun rage zangon daji zuwa abin da za a gama cikin sa'a shida da lissafin kilomita 25 a sa'a, suka ɗauki mafi ƙarancin tanki suka cire masa kashi ɗaya cikin uku kafin su ce ga iyakar tazarar da za a yi tsakanin gidajen mai. Mai ƙaramin babur ya ƙara jakar fetur mai lita 5, tiyo mai tsawon mita ɗaya da rabi ya shiga kayan gyara, kuma an yi ƙa'ida cewa duk wanda ya rasa ayari ya koma mararraba ta ƙarshe da ya tabbata da ita ya zauna.

Abin da ba su daidaita a kansa ba shi ne makomar babban babur a irin wannan hanya. Madugu yana ganin a riƙa ware masa zagaye ta burji a haɗu a gaba, mai rufe baya kuma yana ganin raba ayari da gangan shi ne ainihin abin da ya jefa su cikin matsala, don haka ko dai a zaɓi hanyar da kowa zai iya, ko a faɗa wa mutum gaskiya tun kafin ya ɗaura kaya. Mutumin da ake magana a kansa bai jira sun gama ba, ya shiga horon tuƙin yashi na kwana biyu, ya kuma cire akwatunan ƙarfe ya koma jakunkuna masu taushi, waɗanda suka rage masa nauyi kuma ba sa danne ƙafa idan babur ya kwanta.